Ƙananan Halittun da ke Fid da Gas daga Kashin Shanu: Inda Bincike ya Kai da Amfaninsa ga Ƙasar Rogo da Karaye

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana inda bincike ya kai game da ƙananan halittun da ke ruɓar da kashin dabbobi a wurin da iska ba ta shiga, har su fid da gas mai kama wuta. Bayan haka za mu auna abin da aka gano da halin da ake ciki a Ruwan Bago, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, da sauran garuruwan noma da kiwo na ƙasar Rogo da Karaye, a yammacin Jihar Kano.

Dalilin ɗauko wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Itace da kara da kandilo su ne makamashin girki a yawancin gidajen karkara, kuma mata da ƙananan yara su ne ke shaƙar hayaƙinsu safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Rijiyar gas, watau rufaffen ramin da ake zuba wa kashin shanu da ruwa a ja gas ɗinsa da bututu zuwa murhu, tana iya rage wannan wahala. Sai dai tarihinta a Afirka cike yake da rijiyoyin da aka gina aka yi bikin buɗewa, daga baya suka mutu. Wani bincike a kan shirin haɗin gwiwa na yaɗa rijiyoyin gas a Afirka, wanda aka soma a 2009, ya nuna cewa a Kenya da Tanzaniya da Yuganda kusan kashi 27 cikin ɗari na waɗanda aka gina tsakanin 2009 da 2013 ba su aiki a shekarar 2016. Ra'ayinmu shi ne, babban abin da ke jawo haka shi ne ana ɗaukar rijiyar gas a matsayin gini, alhali kuwa kiwo ce. Akwai masu rai a cikinta, suna da cimarsu da yanayin da suke so, kuma suna mutuwa in an wulaƙanta su.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu daidaita kalmomi. An saba kiran duk wata halitta da ba a iya gani sai da madubin likita da sunan ƙwayar cuta. Wannan suna bai dace da waɗanda za mu yi magana a kansu ba, domin ba cuta suke jawowa ba. Saboda haka za mu kira su ƙananan halittu. Aikin da suke yi kuwa za mu kira shi ruɓewa a rufe, watau ruɓewar da ke faruwa inda babu iskar oksijin. Gas ɗin da ke kama wuta sunansa metan.

2.0 Yadda aka gane masu aikin

Duk wanda ya taɓa soka sanda a cikin laka a gindin kududdufi ya ga kumfa na tasowa. Abin da Alessandro Volta ya yi ke nan a Tafkin Majore na ƙasar Italiya a shekarar 1776, sai dai shi ya tara kumfar ya sa mata wuta, ta kama. An yi shekaru da dama kafin a tabbatar cewa masu rai ne ke fid da ita, kuma ko bayan an tabbatar, rainonsu a ɗakin bincike ya gagara, domin iskar da muke shaƙa guba ce a gare su. Robert Hungate, wanda ya yi yawancin aikinsa a kan tumbin saniya, shi ne ya fito da dabarar rainonsu a cikin rufaffun kwalabe a wajen 1950. Daga nan hanya ta buɗe.

A yau an san cewa aikin hawa huɗu ne. Da farko wasu bakteriya suna farfasa zaren ciyawa da sitaci da kitse da furotin su koma ƙanana masu narkewa a ruwa. Rukuni na biyu su mai da waɗannan zuwa tsami iri iri, kamar yadda nono ke tsami a ƙwarya. Rukuni na uku su karɓi tsamin su mai da shi asitet, watau tsamin da ke cikin binega, tare da haidirojin da kabon dayoksaid. Rukuni na ƙarshe su ne masu fid da metan. A rijiyar da ke cikin ƙoshin lafiya, wajen kashi biyu cikin uku na metan daga asitet yake fitowa, ragowar kuma daga haɗa haidirojin da kabon dayoksaid. Gas ɗin da ke isa murhu yakan ƙunshi metan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari.

Masu fid da metan ba bakteriya ba ne, ko da yake an daɗe ana ɗaukarsu haka. A 1977 Carl Woese da George Fox na Jami'ar Ilinoi a Amurka suka nuna cewa wani babban reshe ne na halitta mai zaman kansa, wanda yanzu ake kira arkiya. Abin da ya shafi mai rijiya a nan shi ne bambancin saurin hayayyafa. Masu tsami suna ninka yawansu cikin 'yan sa'o'i, amma wasu daga cikin masu fid da metan, musamman jinsin Methanothrix mai cin asitet, sai sun yi kwanaki. Idan aka ɗura wa rijiya abinci mai saurin ruɓewa fiye da kima, masu tsami sukan tsere wa na bayansu, tsami ya taru, ya kashe masu fid da metan, gas ya ɗauke. Rijiya tana son ma'aunin tsaminta ya zauna kusa da 7, watau tsaka-tsaki; in ya faɗi ƙasa da 6.5 an shiga hatsari.

3.0 Cuɗe ni in cuɗe ka

Wurin da ya fi cancantar mu tsaya shi ne tsakanin hawa na uku da na huɗu. A 1940 H. A. Barker ya ba da bayanin wata halitta da ya kira Methanobacterium omelianskii, wadda ke cin barasa ta fid da metan. Masana suka yi ta aiki da ita shekaru ashirin da bakwai a kan cewa halitta ɗaya ce. Sai a 1967 Marvin Bryant da Ralph Wolfe da abokan aikinsu suka gano cewa biyu ne a haɗe. Ɗaya tana cin barasar ta fid da haidirojin, ɗaya tana kwashe haidirojin ɗin ta mai da shi metan. Ta farkon ba ta iya ci gaba da ci sai ana kwashe mata abin da take fitarwa, ta biyun kuma ba ta da abinci sai wanda ta farkon ta ba ta.

Daga baya aka ga cewa haka abin yake a ko'ina cikin rijiya. Alal misali, halittun da ke cin tsamin furofiyonet ba su samun ribar komai daga cinsa sai haidirojin da ke kewaye da su ya yi ƙasa ƙwarai, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu goma na nauyin iskar da muke ciki. Saboda haka dole su manne da masu fid da metan, su zauna a dunƙule. A kan irin waɗannan dunƙule-dunƙule ne Gatze Lettinga na Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ya gina fasalin tankunan tace ruwan masana'antu da ya ƙirƙiro a shekarun 1970, waɗanda suka bazu a duniya.

Sabon babi ya buɗe a 2010, lokacin da masu bincike a ɗakin Derek Lovley na Jami'ar Masacusets suka nuna cewa wasu jinsuna biyu na bakteriyar Geobacter suna miƙa wa juna ƙwayoyin lantarki kai tsaye, ba tare da haidirojin ya yi musu dillanci ba. A 2014 Amelia-Elena Rotaru da abokanta suka nuna cewa Geobacter tana yin haka da masu fid da metan su ma. A wannan shekara kuma aka ba da rahoton cewa garin gawayi yana iya zama musu kamar waya, ɗaya ta zuba lantarki a jikinsa ɗaya ta ɗauka. Tun daga nan gwaje-gwajen zuba gawayi a tankunan gas suka yawaita, kuma da yawa sun nuna rijiyar takan soma aiki da wuri, ta kuma fi jure tsami.

A nan muna ganin akwai bukatar taka-tsantsan. Gawayi yana da ƙofofi masu yawa da halittu ke maƙalewa, yana tsotse wasu abubuwa masu guba, tokar da ke jikinsa kuma tana rage tsami. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya ƙara gas ba tare da wata waya ba, kuma ba kowane rahoto ne ya bambance su ba. Ko a kan Geobacter kanta, a 2019 hotunan da aka ɗauka da madubi mai ƙarfi sun nuna cewa wasu zarurrukan da take miƙa lantarki da su an yi su ne da wani furotin dabam da wanda aka zata, kuma masana sun yi ta jayayya a kai. Ga manomi dai wannan jayayya ba ta hana shi komai ba, tun da gawayin totuwar masara ko na kara ba ya bukatar a sare itace.

4.0 Ƙidayar mazauna rijiya

Yawancin waɗannan halittu ba su yarda a raine su su kaɗai a kwalba, saboda dalilin da muka ambata na dogaro da juna. Dabarar da ta warware wannan ita ce karanta sinadarin gado, watau DNA, na duk abin da ke cikin cokali guda na laka, sa'an nan kwamfuta ta rarrabe na wane ne wannan, na wane ne wancan. A 2020 Stefano Campanaro na Jami'ar Fadowa a Italiya da abokan aikinsa suka harhaɗa kundin gadon jinsuna kusan 1,600 daga tankuna dabam dabam, akasarinsu ba su da ko suna. A 2024 masana na Jami'ar Alborg ta Denmak suka fito da wani kundi daga manyan tankuna 285 na ƙasashe da dama. Abin da ya fito fili shi ne zafin tanki da irin abincin da ake zuba masa su suka fi ƙayyade waɗanda za su zauna a ciki. A shekarar 2024 ɗin kuma aka yi nasarar rainon masu fid da metan daga wasu rassan arkiya da a da ba a tabbatar suna wannan aiki ba, wasu daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yeloston a Amurka, wasu daga filin haƙar mai a ƙasar Sin.

Wani reshen binciken da ya fi kusa da bukatunmu shi ne na amoniya, watau sinadarin da ke sa zarni a akurkin kaji. Kashin kaji yana ba da gas da yawa, amma amoniyarsa tana karya masu cin asitet. Anna Schnürer da abokan aikinta a Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa a irin wannan hali wasu bakteriya sukan karɓi aikin, su mai da asitet haidirojin da kabon dayoksaid, su miƙa wa masu fid da metan da suka fi juriya. Sun raini wasu daga cikinsu, kamar Syntrophaceticus schinkii da aka sa wa suna a 2010. Amma waɗannan masu jinkirin girma ne. Rijiya tana iya sabawa da kashin kaji in ana ƙara shi kaɗan kaɗan cikin makonni, amma in aka juye mata buhu guda rana ɗaya sai ta shaƙe.

Ya kamata mu lura cewa waɗannan kundaye daga manyan tankuna aka tattara su, irin na birane da masana'antu, waɗanda yawanci ake ɗumama su a riƙe zafinsu a wajen digiri 35 zuwa 37, ko 50 zuwa 55. Rijiyar gida ba ta da mai ɗumama ta sai ƙasa da rana. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana gwaje-gwajen gas ɗin kashin shanu da gina rijiyoyin gwaji tun shekarun 1980. Abin da muke ganin ya dace a ɗora a kan wannan aiki shi ne a bi rijiyoyin gida da sababbin dabarun karanta DNA, daga bazara zuwa hunturu, a ga waɗanda ke ɗorewa da waɗanda ke faɗuwa.

5.0 Karofi

Kada a ɗauka kiwon halittun da ba su son iska baƙon abu ne a wannan yanki. Masu tarihin Kano sun lissafa Zarewa da Beli da Fulatan, waɗanda duk suna cikin ƙasar Rogo, cikin garuruwan da suka shahara da rini a ƙarni na 19. Rijiyar baba kuwa ruɓewa a rufe ce, ko da yake bakinta a buɗe yake, domin a can ƙasa babu oksijin. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai bakteriyar da ke cikin rijiyar sun miƙa masa ƙwayoyin lantarki sa'an nan ya narke ya shiga zare. In aka ɗago tufa ta sha iska sai ya koma shuɗi ya kama. Watau bakteriyar karofi ma lantarki suke miƙa wa wani abu daskararre da ke wajen jikinsu, wanda ɗan'uwan abin da muka bayyana ne a kan gawayi.

Marini bai taɓa ganin bakteriya ba, amma ya san rijiyarsa da rai. Yana haɗa baba da toka da katsi, ya jira kwanaki har ta nuna, yana duba kumfa da launi da wari, ya san lokacin da ta gaji. Irin wannan kula ce rijiyar gas ke bukata. Bambancin da ke akwai shi ne na gini: laso ya isa ya riƙe ruwa a karofi, amma riƙe gas ya fi riƙe ruwa wuya nesa. Kubbar rijiya irin ta ƙasar Sin tana bukatar shafen siminti hawa hawa, domin tsaga kamar silin gashi ta isa ta zubar da gas ɗin yini. Asarar kuma biyu ce, tun da metan ya fi kabon dayoksaid ɗumama duniya wajen sau 27 in aka auna a kan shekara ɗari.

6.0 Lissafin gida a Ruwan Bago

Bari mu sauko kan lissafi. Kilo guda na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas wajen lita 40, watau kilo 25 ke ba da lita 1,000. Gida mai mutum shida zuwa takwas yana bukatar wajen lita 1,500 zuwa 2,000 a yini domin girki, watau kashi kilo 40 zuwa 50 kullum, abin da shanu huɗu ko biyar da ke ɗaure za su bayar. Shanun da ke yini a daji suna barin rabin kashinsu ko fiye a can. Saboda haka gidan da ya fi dacewa shi ne mai shanun huɗa ko mai kiwon turke. Kandilo ba ya maye gurbin ɗanye, domin yana tasowa sama ya yi ɓawo ya toshe hanyar gas. Haka kara da tuƙar rake in ba a daddatsa su an jiƙa ba, saboda sinadarin da ke sa su tauri ba ya ruɓewa inda babu iska.

Kowane kilo na kashi yana son litar ruwa guda, watau jarka biyu ke nan kullum, rani da damina. Ga garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, ko masu fadama, wannan ba wani abu ba ne. Ga gidan da rijiyarsa ke ja baya a watan Afrilu kuwa, jarka biyu nauyi ne, kuma a kan yara da mata zai faɗa. Ana iya rage shi da fitsarin shanu da ruwan da aka tace daga abin da rijiyar ta fitar. Ruwan wanki mai yawan sabulu da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, gara a kauce musu.

Sai maganar taki, wadda a ganinmu ita ce manomi zai fara tambaya, kuma yana da gaskiya. Wanda ke tara takinsa shekara guda ya kai gona a mangala kafin saukar damina ba zai yarda a ƙone masa shi ba. Amsar ita ce, abin da ke fita a gas kabon ne da haidirojin. Sinadaran da shuka ke bukata suna nan a cikin ruwan da ke fitowa, har naitirojin ɗin ya koma siffar da saiwa ta fi saurin sha. Matsalar ita ce wannan siffa tana gudu cikin iska in aka shanya shi a rana. Rijiya kullum take fitar da taki, gonar dawa kuwa sau ɗaya take so a shekara. Mai lambun rani zai iya kai shi ɗanye gindin tumatir da albasa. Wanda ba shi da lambu sai ya haƙa rami a inuwa, yana zuba shi yana rufewa da ganye da ƙaiƙayi har bazara. Game da haɗa masai da rijiyar, kamar yadda ake yi a ƙasar Sin, ba mu ba da shawararsa a matakin farko. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake ci mai tsarki ne, bayan gidan mutum kuwa najasa ne, kuma zafin rijiyar gida ba ya kashe dukkan ƙwayayen tsutsar ciki.

Hunturu shi ne jarrabawar ƙarshe. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a ƙasar Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma masu fid da metan suna rage aiki sosai in zafin laka ya yi ƙasa da 20. Rijiyar da aka binne ta fi ta leda da ke shimfiɗe a sarari jure wannan. Dama kashin da ruwan da ya sha rana, a zuba da azahar, a kuma lulluɓe kubba da kara, duk suna taimakawa. In gas ya ragu a lokacin sanyi, hankali yakan ba mutum ya ƙara abinci, wanda shi ne ke kawo tsamin da muka bayyana. Ragewa ya kamata a yi. In kuwa ta riga ta yi tsami, a dakatar da ciyarwa, a zuba ɗan ruwan toka ko farar ƙasa a hankali, kamar yadda uwargida ke karya tsami da kanwa.

Saura batun iri. Mutane da yawa sukan ɗebo abin da ke cikin tumbi daga mahauta su fara sabuwar rijiya da shi, kuma yana da amfani wajen farfasa ciyawa. Har da wani irin naman gwari marar son iska a cikinsa, wanda Colin Orpin ya gano a 1975. Amma saniya tana tsotse asitet ɗin tumbinta ta yi ƙiba da shi, saboda haka masu fid da metan da ke tumbi, akasarinsu jinsin Methanobrevibacter, masu cin haidirojin ne, masu cin asitet kuwa ƙalilan ne. Iri mafi kyau shi ne ganga ɗaya ko biyu na laka daga rijiyar da ke aiki, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara. Lokacin farawa kuma watan Maris ne ko Afrilu, domin masu jinkirin girma su sami wata bakwai ko takwas na ɗumi kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.